Katuna Takwas a Shagon Caji: Abin da Na Gani Tsakanin Tambuwal da Kebbe

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya wuce na je gida Tambuwal. Da yake wuta ta yi kwana uku ba ta leƙo unguwarmu ba, sai na bi sahun jama'a na kai wayata shagon caji da ke bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega. A nan na tarar da ɗan ƙanwata, saurayi ɗan shekara 19, tare da wani abokinsa da ya zo daga Kebbe, sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna musu kamar masu rabon gado. Na tambayi abin da ake yi, aka ce mini wasan kati ne. Da na ji an ce kati sai zuciyata ta tafi ga karta, karta kuwa a garinmu ƙanwar caca ce, saboda haka na gyara tsayuwa zan fara faɗan da kowane kawu ya haddace. Yaron ya riga ni da cewa, "Kawu, wanga wasa ba na mai sa'a na ba, na mai lissahi na. Zamna ka gani."

Lissafi shi nake koyarwa a jami'a shekara da shekaru, kuma ba kullum nake jin saurayi ya ambaci sunansa cikin fara'a ba. Sai na nemi benci na zauna.

Sunan wasan Clash Royale. Kamfanin Supercell da ke birnin Helsinki na ƙasar Finlan ne ya fitar da shi ga duniya a watan Maris na 2016. Yana cikin dangin wasannin tara katuna a yi yaƙi da su, waɗanda suka samo asali daga wani wasa na takarda mai suna Magic: The Gathering da aka fitar a Amurka a 1993. Wanda ya ƙirƙiro wancan wasa, Richard Garfield, dakta ne a reshen lissafi da ke nazarin yawan hanyoyin da za a iya zaɓa da jera abubuwa. Wato tun daga tushe, mai lissafi ne ya kafa gidan.

Yadda ake yin sa ba shi da wuyar faɗi. Mutum biyu ne ke karawa ta intanet, kowanne da hasumiya uku a gefensa, ga kogi a tsakani mai gada biyu. Kowane kati yana ɗauke da mayaƙi, ko gini, ko makamin da ake jefawa daga nesa. Katunan sun haura 100, amma takwas kacal ake shiga fage da su, kuma huɗu ne ke hannunka a lokaci guda. Duk katin da ka jefa yana komawa ƙarshen layi, ba zai dawo hannunka ba sai ka jefa wasu huɗu. Sannan kowane kati yana da farashi, ana biyansa da wani ruwa da suke kira eliksa, kalmar da Turawa suka aro daga Larabci, al-iksir. Ruwan yana taruwa ɗigo ɗaya a duk daƙiƙa 2.8, ba ya wuce 10 a ma'aji, kuma saurin taruwarsa yana ninkawa a mintin ƙarshe na minti ukun da ake yi ana fafatawa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ruwan nan daidai wa daida ake raba shi. Ɗan talaka da ɗan sarki ɗigo ɗaya suke samu a lokaci ɗaya.

Suka miƙo mini waya suka ce in haɗa tawa rundunar. Na yi abin da kowane baƙo ke yi: na bi katunan da suka fi girma da ban tsoro na kwashe. Na ɗauki Golem, wani ƙaton dodon dutse mai farashi 8, na ƙara da P.E.K.K.A mai sulke da takobi mai farashi 7, na cike sauran guraben da ire-irensu, har matsakaicin farashin katunana ya kai 6.6. Yaran suka dubi juna ba su ce komai ba, ladabi ya hana su dariya. Da aka shiga fage sai na ga abin da shirunsu ke nufi. Kafin in tara kuɗin kati ɗaya mai farashi 7 sai na jira kusan daƙiƙa 20, a cikin wannan jira kuwa abokin karawata ya aiko ƙananan mayaƙa sau biyu sun yi wa hasumiyata illa. Da na samu na saki mai sulken nan, sai aka watso masa tarin ƙwarangwal masu farashi 3, suka yanyame shi a bakin gada, domin shi sara ɗaya yake yi a lokaci guda, su kuwa ba su ƙirguwa da yatsun hannu. Na biya 7, an kashe mini da 3. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji magabata, ga shi kuwa na gani a allon waya.

Na ciro biro na yi ɗan lissafi a bayan takardar shaidar cajin wayata. A minti biyun farko mutum yana samun ɗigo kusan 43, a minti na uku ma kusan 43, jimilla wajen 86, ban da ɗan abin da ake farawa da shi. Da runduna irin tawa zan jefa kati wajen 13 a duk wasan. Ɗan ƙanwata kuwa, da tasa rundunar, zai jefa fiye da 30. Ya fi ni damar yanke shawara fiye da ninki biyu tun kafin a fara.

Rundunarsa sananniya ce a duniyar wannan wasa, ana kiranta da matsakaicin farashinta, wato 2.6. A cikinta akwai Hog Rider mai farashi 4, wani barde da ke bisa dabbar da ba na son ambaton sunanta a shafin jarida, wanda ke tsallake kogi ya nufi gini kai tsaye ba ya kula kowa. Akwai wata mai bindiga, ita ma 4, wadda ke harbin na ƙasa da na sama. Akwai igwa mai 3, da dunƙulen wuta mai 4, da gungumen icce mai 2, da ƙaramin dodon ƙanƙara mai 2, sai wasu 'yan ƙanana biyu masu farashi ɗai-ɗai. Idan aka tara 21 ke nan, a raba takwas a sami 2.6 da 'yan kai. Babu kati ko ɗaya a ciki da zai ba yaro sha'awa idan ya gan shi shi kaɗai. Amma kowanne yana da aikin da babu mai yi sai shi: ɗaya na rushe hasumiya, ɗaya na tare sama, ɗaya na janye ƙaton abokin gaba daga hanyarsa, biyu na share taron ƙanana, sauran kuma aikinsu su sha duka da araha. Da katuna huɗu mafi arha, wato ɗigo 6 kacal, yana dawo da bardensa hannu, alhali abokin karawarsa bai gama zagayowa kan katin da zai tare shi da shi ba. Yaron ya san wannan duka, yana ma ƙirga katunan da ɗayan ya jefa a zuci, ya san wanda ke hannunsa da wanda ke bayan layi.

Dalibaina na aji uku za su gane wannan matsala idan na sauya mata riga. A darasin binciken dabarun gudanarwa muna kiranta matsalar jakar matafiyi: ga jaka mai iyakar nauyin da za ta ɗauka, ga kaya iri-iri kowanne da nauyinsa da amfaninsa, wanne za ka ɗauka wanne za ka bari? Ta wasan nan ma ta fi tamu wuya, domin a allo muna ɗauka amfanin kowane kaya a tsaye yake, a nan kuwa amfanin kati yana sauyawa gwargwadon waɗanda ke kusa da shi da kuma abin da abokin gaba ya riƙo. Ruwan kibau mai farashi 3 yana share garken 'yan shawagi mai farashi 5 a bugu ɗaya, amma idan ɗayan bai zo da ƙananan mayaƙa ba, ka ɗauko kaya ne kawai. Ko da katunan 100 ne cif, hanyoyin zaɓen takwas daga cikinsu sun haura biliyan 186. Babu mai gwada su duka. Dole mutum ya yi amfani da ƙa'ida da hankali, ya kuma yarda cewa babu rundunar da ta fi kowace runduna, kowacce akwai mai maganinta.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasarmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan dattawa masu dara a gindin bedi ya san cewa gidaje 30 ne, kowa da 'ya'ya 12, kuma wasan kashi biyu ne: lokacin dasa 'ya'ya, da lokacin tura su a jera uku a ci. Gwanayen dara sun san cewa galibi a wurin dasawa ake cin wasa, turawa cika aiki ce kawai. Mun yarda dara wasan masu hankali ce saboda mun ga kakanninmu suna yi. Na jikokinsu kuma mun yanke masa hukunci tun ba mu duba ba.

Haka tarihin wannan yanki ya san darajar jeri. Ba ina daidaita wasan yara da jihadi ba, Allah Ya kiyaye, amma duk ɗalibin tarihi ya san cewa a Tabkin Kwatto, a watan Yuni na 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ce ke da dawaki da 'yan lifidi, jama'ar Shehu Usmanu kuwa, ƙarƙashin Malam Abdullahi, mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu ƙalilan, kuma su suka yi rinjaye. Tambuwal kanta ribaɗi ce da ke da alaƙa da Muhammadu Buhari ɗan Shehu, kuma ribaɗi ba komai ba ne face amsar tambayar wa za a ajiye a ina. Mutanen Sin ma suna da labarin janar Tiyan Ji, wanda mashawarcinsa Sun Bin ya ce masa ya haɗa dokinsa mafi rauni da mafi ƙarfin na sarki, ya haɗa mafi ƙarfinsa da matsakaicin na sarki, matsakaicinsa kuma da mafi raunin na sarki. Ya faɗi tsere ɗaya da gangan, ya ci biyu. Na ga ɗan ƙanwata ya yi irin wannan: ya ƙyale aka ɗan daki hasumiyarsa ta hagu bai kashe ko ɗigo ɗaya wajen karewa ba, ya tara ruwansa ya rushe ta dama.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba wannan ba ne. Musun da na tarar suna yi ne. Abokin nan nasa na Kebbe ba ya amfani da runduna mai sauri, Golem yake riƙewa, dodon nan mai farashi 8 da na sha kashi da shi, sai dai shi ya kewaye shi da katuna masu arha da masu tare sama. Ɗan ƙanwata yana yi masa gorin cewa wasan ragwaye ne: ka ajiye ƙato a bayan hasumiya, ka jira ya taka a hankali, ka tara mayaƙa a bayansa. Amsar da yaron ya bayar ta fi wasu amsoshin da nake samu a takardun jarrabawa. Ya ce a inda yake zaune sabis yana zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci ka danna kati sai bayan daƙiƙa guda ya sauka. Runduna mai sauri tana bukatar a ajiye igwa a daidai gurbinta a daidai lokacinta, jinkirin ƙiftawar ido yana rushe ta. Dodon dutse kuwa ba ruwansa da jinkirin daƙiƙa ɗaya, ko ka makara yana nan yana tafiya. Ya ce shi ba da abokin karawa kaɗai yake yaƙi ba, har da sabis.

Wato yaron ya shigar da garinsu cikin lissafinsa. Bai kwaikwayi rundunar da gwanayen duniya ke nunawa a YouTube ba, domin su a kan intanet mai ƙarfi suke wasa. Ya dubi abin da ke hannunsa da ƙasar da yake tsaye a kai, ya zaɓi abin da zai jure. Mu da ke rubuta manhajar karatu da tsare-tsaren raya ƙasa, sau nawa muke ɗauko tsarin da aka gina don wani wuri mu dasa shi a Kuchi ko Dogon Daji, sannan mu yi mamakin da bai kama ba? Yaran wannan yanki sun san cewa sabis ba abin dogaro ba ne. Suna tune da watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. Sun kuma ji a aljihunsu lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025. Ɗan wasan Masar Mohamed Light, wanda ya ci gasar duniya ta wannan wasa a 2022, ya nuna cewa ɗan Afirka na iya kaiwa ƙololuwa. Amma tsakanin Alƙahira da Kebbe akwai tazarar da ba ta ƙwaƙwalwa ba ce.

Na koma gida da yamma ina jin daɗi, har ina ba ƙanwata labarin basirar ɗanta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Yaya, ka tambaye shi ina kuɗin rajistar jarrabawarsa."

A nan ne ɗaya fuskar al'amarin ta bayyana. Wasan kyauta ake saukar da shi, amma kowane kati yana da matakai, kuma duk matakin da aka hau yana ƙara masa ƙarfi da kimanin kashi 10 cikin 100. Ana hawa da haƙuri na watanni, ko kuma da kuɗi cikin minti ɗaya. A manyan gasa ana daidaita matakan kowa don gwaninta ta yi aiki, amma a fagen yau da kullum mai katuna masu babban mataki yana iya danne wanda ya fi shi dabara. Daga nan kamfanonin irin waɗannan wasanni ke samun abincinsu, kuma ba ƙaramin abinci ba ne: a 2016 wani ƙawance da kamfanin Tencent na ƙasar Sin ya jagoranta ya sayi kaso mafi tsoka na Supercell a kan dala biliyan 8.6. Kasuwa suka buɗe, ba su ɓoye ba. Yaronmu ya kai wani matsayi inda duk wanda ya haɗu da shi ya fi shi matakin kati, haƙurinsa ya ƙare. Sai ya ga wani a wani zauren sada zumunta yana tallar asusun wasa da aka riga aka ƙarfafa katunansa, a farashin da ya yi kama da araha. Ya tura masa fiye da rabin kuɗin rajistar jarrabawar shiga jami'a. Ya yi kwana huɗu yana wasa da asusun, a na biyar mai shi ya sauya kalmar sirri ya ɗauke abinsa. Babu inda zai kai ƙara, domin dokar wasan kanta ta haramta saye da sayar da asusu. Dara ta ci gida. Wanda ya koya mini da safe cewa ba a sayen nasara da manyan katuna, shi ne ya je sayen manyan katuna da kuɗin makaranta.

Ba shi kaɗai ba ne, kuma ba wannan wasa kaɗai ba. Mun ga yadda matasan Arewa suka duƙufa kan Hamster Kombat a 2024, suna dannar allo dare da rana suna neman haɗin katunan kowace rana, da fatan za su farka attajirai, da aka fitar da sulallan a ranar 26 ga Satumba na shekarar kuwa da yawa suka ga abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Akwai kuma irin su Splinterlands, wasan jera katuna da aka gina a kan kuɗin kirifto, inda darajar sulallansa ta yi tashin gwauron zabo a 2021 sannan ta faɗo warwas. Ƙasar Beljiyam tun a 2018 ta ɗauki akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasannin bidiyo a matsayin caca, kuma ina ganin malamanmu na fiƙihu suna da abin cewa a kan biyan kuɗi don abin da ba ka san me zai fito ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya kamuwa da wasannin bidiyo cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Saboda haka tsoron da iyaye ke yi ba na banza ba ne, kuma hankalina na farko da ya tafi ga karta bai ɓata gaba ɗaya ba.

Duk da haka ban yarda da maganin da muka saba bayarwa ba, wato a ƙwace waya a yi tsawa. Wanda ya ƙwace wayar bai san abin da ke cikinta ba, yaron kuma ya san bai sani ba, don haka maganarsa ba ta da nauyi a wurinsa. Ba kuma ina cewa wasan zai mayar da kowa masanin lissafi ba. Yaron da ke ƙirga eliksa a zuci yana iya faɗuwa tambayar kaso da matsakaici a jarrabawa, domin babu wanda ya taɓa gaya masa abu ɗaya ne. Wannan aikinmu ne, mu malamai. Malamin lissafi a sakandaren Tambuwal ko ta Kebbe da zai shiga aji ya rubuta farashin katuna takwas a allo ya ce a fitar da matsakaici, sannan ya tambayi kati nawa za a iya jefawa a minti uku, zai ga hannuwan da ba su taɓa ɗaguwa ba sun ɗagu. Daga nan sai ya kai su ga tambayar da ta fi muhimmanci: idan kana ƙona data da caji na kaza a mako, nawa ke nan a shekara, kuma me ka samu?

Ita na yi wa ɗan ƙanwata a daren nan. Na sa ya ɗauko littafi ya rubuta abin da ke shigo masa a wata daga ɗan aikin gyaran waya da yake taɓawa, ya jera abin da ke fita, kowanne da farashinsa da aikin da yake yi masa, kamar yadda ya jera mini katunansa. Bai ɗauki minti goma ba ya nuna da kansa inda ya biya 7 aka kashe masa da 3. Na cika masa kuɗin rajista a matsayin bashi, mahaifiyarsa ce shaida, zai biya a wata biyar.

Washegari abokinsa ya yi shirin komawa Kebbe tun kafin la'asar, domin yanzu babu mai son dare ya same shi a hanya. Kafin mai babur ya iso suka ce sai sun raba gardama da wasa ɗaya a shagon cajin, kowa da wayarsa. Ana cikin minti na biyu sabis na Tambuwal ɗin ma ya fara rawa. Ɗan ƙanwata ya danna igwarsa, ba ta sauka ba sai da dodon dutse ya wuce gurbin da ya nufa, ya isa hasumiya da mayaƙa uku a bayansa. Ɗan Kebbe ya zare cajarsa, ya gaishe ni, ya hau babur.